Zoben da Auta Ya Saki

A danginmu idan aka ce Kawu Babba kowa ya san wanda ake nufi: dogon mutum mai ɗan ranƙwafawa, mai giɓi a haƙoran sama, wanda ba ya dariya sai ya kare bakinsa da bayan hannu. A wurin aiki kuwa Mai Zobe ake kiransa, kuma ya fi saurin amsa wannan sunan.

Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ya shekara ashirin da biyu a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa da ba kowane jirgi ne ke tsayawa a cikinta ba. Ɗaki biyu ce da rumfar kwano, da benci uku, da famfo guda da sai an doke shi yake kawo ruwa. Daga wannan tasha zuwa ta gaba layi ɗaya ne tal, don haka ba a yarda jirgi biyu su shiga a lokaci guda. Dabarar da aka yi ita ce makullin hanya, wani guntun ƙarfe mai lamba da ake zarowa daga na'urar da ke ofishin shugaban tasha. A sa shi a jakar fata, a ɗaura jakar a jikin babban zobe na ƙarfe da mutum zai iya zura hannunsa har kafaɗa. Direban da ba ya riƙe da makullin ba shi da izinin shiga hanya. Jirgin da ba zai tsaya ba sai ya rage gudu, direba ya leƙo ya saki zoben hanyar da ya baro daidai wani farin turke, zoben ya faɗi ya gangara, sannan direban ya miƙa hannu ya sure sabo daga hannun mutumin da ke tsaye a bakin dandamali. Mutumin nan shi ne Kawu Babba.

Aikin da sauƙi a ido, amma ba kowa ke iya shi ba. Sai ka tsaya taku ɗaya daga bakin layi, ka ɗaga zoben daidai tsayin tagar direba, ka riƙe shi da yatsa uku kawai, don idan ka damƙe za a tafi da kafaɗarka. Kawu yakan ce da kunne yake aikin, ba da ido ba. Tun jirgi bai ɓullo daga kwana ba, daga kukan ƙarfen layi yake sanin nauyinsa da gudunsa, wani lokaci har wanda ke jansa. A shekara ashirin da biyu direba bai taɓa kuskuren zobe a hannunsa ba, kuma babu wanda ya taɓa rubuta wannan a takarda.

Da shi ne zai zama direba. Wannan magana kowa a gida ya san ta, amma ba a yin ta a gabansa. Shekarar da aka nemi matasa a koya musu jan jirgi, sunansa ne ya fito, a daidai lokacin da mahaifinsu ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki. Ana buƙatar mai ƙarfi da zai riƙa ɗaga tsoho yana juya shi. Kawu da bakinsa ya je ya roƙi a sa ƙaninsa a gurbinsa, ya ce shi ya tafi baɗi. Ƙanin nan shi ne na ƙarshe a ɗakin Inna mahaifiyarsu, kowa Auta yake ce masa, ko keke Kawu ne ya koya masa. Tsoho ya yi shekara uku a kwance. Da Allah ya karɓi abinsa, Kawu ya koma neman gurbi, aka ce shekarunsa sun wuce da wata biyar. Sai aka ba shi zobe.

Da wani ne ya ƙwace masa kujerar, da ya sami wanda zai zaga ya huce. To shi ya bayar da hannunsa, kuma duk wanda ya ji labarin sai ya sa masa albarka. Albarkar nan ita ta fi ƙona shi.

Auta kuwa ya zama abin kallo. Hula mai baki, farar riga mai igiya a kafaɗa, agogo mai sarƙa. Sau uku a mako yake ratsa tashar yayansa, kuma kafin ya ƙaraso sai ya busa ƙaho gajere biyu, dogo ɗaya, don Inna ta ji daga gida. Duk abin da ke hannunta sai ta ajiye ta ce, "Ga yarona nan, Allah ya kai ka lafiya." Kawu da yake kwana gida ɗaya da ita, yake kai ta asibiti, yake gyara mata rufin ɗaki, bai taɓa jin ta ajiye wani abu don ya yi sallama ba.

Wata rana ɗansa na fari ya dawo daga makaranta da littafinsa. Malami ya ce kowa ya rubuta aikin mahaifinsa. Yaron ya rubuta: "Babana yana miƙa wa Baffa zobe." An ba shi maki cikakke. Kawu ya karanta sau biyu, ya mayar masa da littafin ya ce rubutunsa ya yi kyau.

Shi Auta ba shi da mugunta, sai dai baki. Idan ya zo hutu aka zauna a tsakar gida, yara suka kewaye shi suna tambayar garuruwan da ya je, sai ya kishingiɗa ya ce, "Ni fa ba na zuwa ko'ina. A kujera nake zaune da shayina, garuruwan ne ke zuwa su gaishe ni su wuce. Ko babanku haka nake ganinsa. Ina zaune lafiya sai in hango shi ya taho a guje, shi da bencinsa da famfonsa, ya miƙo mini zobe ya wuce fuu, ko gaisawa ba ya tsayawa mu yi."

Yara suka yi ta birgima don dariya, Inna har da hawaye. Kawu ya ce, "To madalla, tunda ni ke gudun, sai a ba ni hular." Aka ƙara fashewa da dariya, an ɗauka wasa yake. Matarsa kaɗai, wadda muke kira Anti, ta dube shi ta ɗauke kai. Tun daga shekarar da Auta ya hau kujera Kawu bai sake shiga jirgi ba. Duk tafiyar da ta kama shi mota yake bi, ko da kwana za a yi a hanya, alhali yana da takardar shiga kyauta. Yakan ce jirgi yana sa shi jiri. Anti ta san jirin.

Ranar wata Talata da hantsi, jirgin kaya ya taho a makare, Auta ke jansa. Tun daga kwana Kawu ya ji kukan layin ya fi na kullum kaifi. Ya tsaya a wurinsa, ya ɗaga zobe. Ya ga Auta ya leƙo, ya ga hannunsa a waje riƙe da tsohon zoben, ya ga sun zo daidai farin turke. Abin da ya gani bayan haka bai taɓa canza shi ba duk sanda ya ba da labari: zoben ya baro hannun Auta ya miƙo kansa kamar an auna, ya daki dandamali sau ɗaya, ya yi tsalle ya same shi a baki. Duk da haka bai saki nasa ba sai da Auta ya sure shi. Jirgi ya wuce, Kawu ya durƙusa, ya tofar da haƙora biyu a tafin hannunsa.

Shugaban tasha ya fito da littafin rahoto, yana tambaya tun jinin bai tsaya ba. "Mai Zobe, me zan rubuta? Saki ya yi ko jifa?"

Ba tambayar banza ba ce. Doka ta ce direba ya saki zobe, kada ya jefa. Wanda aka samu ya jefa har ya raunata ma'aikaci, za a sauke shi daga kujera, ba zai sake hawa ba.

Kawu ya ce, "Abin da aka saki ƙasa yake faɗawa, ranka ya daɗe. Abin da ya taso ya nemi bakin mutum, ai ka san sunansa."

Aka rubuta jifa.

Washegari da azahar sai ga Auta a gida, babu hula, an dakatar da shi har sai kwamiti ya zauna. Ya tarar da yayansa a ƙofar ɗaki, baki ya kumbura kamar an hura. Ya tsuguna.

"Yaya, sannu. Wallahi ban san ya same ka ba sai da na isa tashar gaba."

Kawu ya kawar da kai.

"An ce ka ce jifa na yi. Yaya, ni zan jefe ka? Buɗe hannuna kawai na yi. Da idona na ga ya sauka ƙasa sak, a ƙarƙashin hannuna, yadda yake sauka kullum."

"A ƙarƙashin hannunka bakina yake?"

"Ban ce ba."

"Daga turke zuwa inda nake tsayawa taku nawa ne? Ƙafa gare shi, ko fiffike?"

"Ni dai na san abin da na gani."

"Ni kuma makaho ne. Shekara ashirin da biyu ina kallon zobe, yau ka zo ka koya mini."

Inna ta fito tana dogara sanda. "Babba, ka dubi Allah. Yaron nan iyali gare shi. Idan aka sauke shi, ina zai sa kansa?"

"Inda na sa nawa, Inna. Ƙasa ba ta cizo."

Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Ba ta tambayi bakin ba, ko da yake ita ta dafa masa ruwan gishiri da safe. Shi wannan bai lissafa ba. Abin da ya riƙe shi ne ta ce "yaron nan", mutum mai furfura a gemu.

A kwanakin da suka biyo baya Kawu ya yi ta maimaita wa kansa abin da ya gani, kuma ba ƙarya yake ba, ya gani. Amma a ƙarƙashin ciwon akwai wani abu mai daɗi da yake jin kunyar dubawa. Yana shara a dandamali sai ya tsinci kansa yana hango Auta cikin shuɗiyar rigar leburori, yana saka wa taragu mai. Yana hango Talata ta zo ta wuce babu ƙaho gajere biyu dogo ɗaya. Sai ya ce a'uzubillahi, ya ci gaba da shara, can kuma hoton ya dawo.

Takarda ta zo daga babban ofis: ya bayyana gaban kwamiti ranar Litinin, ya maimaita shaidarsa da bakinsa, kuma jirgin safe zai bi, an riga an sanar da mai duba tikiti. Babu zancen mota. Anti ta goge masa rigarsa mai kyau, tana ninkewa ta ce, "Baban yara, ka tabbata?"

"Da ke aka yi?"

"Ba da ni aka yi ba. Amma da ni ake kwana."

Ya karɓi rigar ya sa a jaka.

Ya sami kujera kusa da ƙofa. A gabansa wata dattijuwa ce da kwandon lemo a tsakanin ƙafafunta, gefenta kuma wata mata mai tabarau tana duba tarin littattafan ɗalibai da jan biro. A babbar mahaɗa jirginsu ya tsaya kusa da wani. Kawu yana kallon tagogin wancan jirgin sai ya ga sun fara zamewa baya, ya ji a jikinsa sun tashi, har ya gyara zama ya riƙe ƙarfe. Da taragon ƙarshe ya wuce, sai ga rumfar tasha tsaye cik, ga mai shayi yana fifita wutarsa. Ko motsi ba su yi ba, wancan ne ya tafi. Ya saki ƙarfen a hankali, ya duba ko wani ya gan shi. Mutumin da ke sanin gudun jirgi da kunne daga bayan kwana, yau ya kasa sanin ko nasa yana tafiya.

Da suka ɗauki hanya sosai, mai tabarau ta buɗe fulas ta tsiyaya shayi a kofi. Kawu ya zuba wa ruwan ido. Itatuwa suna wucewa ta taga kamar ana fizgarsu, amma shayin ya sauka sak cikin kofi, bai karkata baya ba ko kaɗan. Ya kawar da kai. Ya sake dubawa. Sannan ya sayi lemo huɗu a wurin dattijuwar, ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya riƙe ƙarfe da hagu, ya miƙa dama waje, ya buɗe yatsunsa. Ya zaci lemon zai tsaya a inda aka sake shi, jirgi ya bar shi a baya tun yana sama. Sai ya ga yana sauka a ƙarƙashin hannunsa, yana biye da shi kamar an ɗaure su da zare, har ya taɓa tsakuwa, sannan ne ya ɓace baya. Ya saki na biyu. Haka.

"Bawan Allah," in ji dattijuwar, "idan tsami ya yi maka ka dawo mini da shi mana. Ni na yi dakonsa."

Bai juyo ba. Ya hango wani allon ƙarfe a gefen layi yana matsowa. Ya jira, ya auna da ido kamar nisan da ke tsakanin farin turke da inda yake tsayawa, ya buɗe hannu tun allon yana gaba. Bai tura ba, bai lilo ba, shi shaida ne. Lemon ya sauka sak a idonsa, ya daki ƙasa ya yi tsalle, ya fashe a ƙafar allon daidai lokacin da suke giftawa.

Ya dawo ya zauna da na huɗun a hannu.

Mai tabarau ta rufe littafin da take dubawa. "Malam, ko ɗalibaina ba sa yi mini gwajin nan da kyau haka. Ai lemon da ke hannunka gudun jirgi yake yi, kamar yadda kai ma kake yi kana zaune. Da ka sake shi, gudun bai fita daga jikinsa ba. Kai da kuke tafiya tare sai ka ga ya sauka sak. Wanda ke tsaye a ƙasa kuwa zai rantse harbo shi aka yi."

"To wane ne mai gaskiya a cikinsu?"

"Duka biyun. Kowa daga inda yake ya gani."

"Ba a yin haka, Malama. A magana ɗaya, mutum ɗaya ke da gaskiya."

"A wannan dai ana yi. Kuma iya gudun jirgin, iya nisan da abin zai kai kafin ya sauka."

"Ban tambaye ki wannan ba," in ji Kawu. Ta ɗaga kafaɗa ta koma kan jan bironta.

Sauran tafiyar bai ga komai a taga ba. Shekara ashirin da biyu yana ganin zobe yana gangarowa gaba bayan an sake shi, yana ɗauka direbobi ne ke ɗan tura shi don ya rage masa tafiya, har yakan ji daɗin wannan kara da suke yi masa. Ashe ba wanda ya taɓa tura masa komai. Kuma Auta bai jefe shi ba. Ya nemi sauƙi a ransa bai samu ba. Abin da ya ji kamar an shigo ɗakinsa an kwashe kaya. Kwana goma sha uku yana da dalilin da zai iya faɗa wa kowa, yanzu dalilin ya tafi, ƙunar kuwa tana nan yadda take, kuma ya san tun kafin Talatar nan take.

Ofishin kwamiti dogon ɗaki ne mai fanka da ke juyawa da ƙyar. Mutum uku a bayan tebur, na tsakiya mai sanƙo ne, shi ke magana. Auta yana zaune a benci ta gefe, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, ya rame. Ya miƙe da ya ga yayansa, Kawu ya wuce kamar bai gan shi ba.

Mai sanƙo ya karanta rahoton. "Ka ce direba jifanka ya yi da zobe. Shi ya ce saki ya yi. Babu wani shaida sai ku biyu. Tambaya ɗaya za mu yi maka: kana nan a kan maganarka?"

Kawu ya san idan ya ce e, an gama. Ba wanda zai ƙaryata mai giɓin haƙora biyu a baki. Ya dubi tebur, ya dubi fanka. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da na gani shi na faɗa. Amma saki ya yi. Bai jefa ba."

Auta ya sauke wani numfashi da sai da kowa ya ji.

"Ka tabbata? Ba don ƙaninka ne ba?"

"Da don ƙanina ne, da ban faɗa ba," in ji Kawu. Mutanen suka yi dariya, ba su gane ba.

Mai sanƙo ya ɗauki biro zai rufe magana. Har ya fara rubutu. Kawu yana kallon Auta ta gefen ido, ya ga kafaɗunsa sun fara miƙewa, ya ga hannunsa ya kai ga kansa yana shafa inda hula take zama. Sai ya ji bakinsa ya buɗe.

"Sai dai gudun da ya shigo da shi ya wuce ƙa'ida. Ya kusa ninka ta. Shi ya sa zoben ya kai inda nake."

Biron ya tsaya. Na hagu ya ce na'urar auna gudu ta wannan kan jirgin ta daɗe da lalacewa, ta ina ya sani?

"Da kunne. Ku tambaye shi."

Suka juya ga Auta. Ya dubi yayansa, sannan ya sunkuyar da kai. "Na makara ne. Na so in rage."

Hukuncin bai ɗauki minti goma ba. Ba za a ƙwace masa kujera ba, amma zai sauka na wata uku, ya yi aikin dandamali a tashar da abin ya faru, a ƙarƙashin ma'aikacin da ya raunata, don ya san abin da mutanen ƙasa ke fuskanta.

A gida Inna ta yi ta godiya ga Allah, ta dafa kan Kawu ta ce ta san ba zai ba ta kunya ba. Anti ta bari sai da suka shiga ɗaki, tana cire masa takalmi ta ce, "An tambaye ka gudu?"

"Gaskiya ce."

"Ban ce ƙarya ba ce. Cewa na yi an tambaye ka?"

"Da ban faɗa ba, gobe ya fasa kan wani."

"Haka ne," in ji ta. "To don wanin ka faɗa?"

Ya ce ta kawo masa ruwa, ƙishirwa yake ji.

Ranar da Auta ya fara aiki, Kawu ya riga shi zuwa da awa guda, ya yi aski, ya goge takalmi. Auta ya iso cikin shuɗiyar riga da aka ara masa, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Masu jiran jirgi suka yi ta leƙensa suna raɗa, mai sayar da burodi ta ce, "A'a, Direba, yau a ƙasa?" Kawu ya ji maganar har cikin ƙashinsa, ya yi kamar yana gyara igiyar jakar fata. Ya nuna masa tsintsiya, ya nuna masa inda ake dukan famfo, ya gyara masa riƙon zobe sau huɗu ko da yake tun na biyu ya yi daidai.

Ƙarfe goma jirgin kaya ya yi kuka daga kwana. Kawu ya ce, "Je ka tsaya. Taku ɗaya daga baki. Kada ka motsa."

Auta ya tsaya ya ɗaga zobe. Kan jirgin ya ɓullo, ya yi ta girma, ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin takalminsa, zafin injin ya riga jirgin isowa. Saura kaɗan sai ƙafarsa ta ja baya da kanta, hannunsa ya sauko. Kawu da ke bayansa ya tallafi gwiwar hannun ya mayar da shi sama, direba ya sure zoben, taragu suka yi ta wucewa suna kaɗa musu riguna.

Da ƙarar ta lafa, Auta ya zauna a benci, gumi ya jiƙe masa wuya. "Yaya, haka yake zuwa? Wannan da gudun ƙa'ida ya shigo?"

"Ƙasa da ƙa'ida ma. Wannan direban tsoho ne, lallaɓawa yake."

"Daga sama ba haka ake gani ba. Wallahi ba haka ba ne." Ya goge fuska da hannun rigar. "Kullum haka kake tsayawa?"

"Sau shida a rana."

Auta ya ɗago ya kalle shi, irin kallon da yara ke yi wa shi Auta a tsakar gida. Kawu ya daɗe yana jiran kallon nan, ya ɗauka idan ya same shi zai ƙoshi. Ya ji daɗinsa, ba zai yi musu ba, har sai da ya kare bakinsa da bayan hannu. Amma a cikin daɗin ya tsinci kansa yana ƙirga kwanaki: yau ɗaya ta tafi, saura tamanin da tara Auta ya koma sama.

"Tashi," ya ce. "Akwai na ƙarfe goma sha biyu, kuma wannan karon ba zan riƙe maka hannu ba."